Ashe Gani Suke Yi In Sun Rufe Ido

Ranar ko karyawa ban yi ba. Na makara, na faɗa anfi ina haki, na tarar Madam ta riga ta fara. Anfi shi ne ƙaton ɗakin da ake tara mu ƴan shekarar farko a jami'a, in ka zauna can baya malami kamar ɗan tsana kake hango shi. Madam ita ke ba mu sikoloji, kuma mace ce mai son wasa da kan mutane. Na lallaɓa na zauna kusa da mutumina ɗan unguwar Kara-Kara, wanda tun lise, wato babbar sakandare, benci ɗaya muke. Waya tana hannuna ƙarƙashin tebur kamar kullum, don ni ko ba na kallo ina rubuta mesaji, babban yatsana ya san hanyarsa.

Madam ta ce kowa ya ajiye bik, wato biro, ya rufe ido.

"Ku kawo ƙofar gidanku a ranku. Ku dube ta da kyau."

Na rufe. Na yi abin da na saba yi duk sanda aka ce haka: na zauna cikin duhu ina jira a ce a buɗe. Har ina tunanin ƙosan da ban samu na saya ba.

Da aka buɗe, Madam ta nuna wata yarinya a gaba ta ce me ta gani. Yarinyar ta ce tasu shuɗiya ce, fenti ya ɓare ta ƙasa, kuma a buɗe take rabi. Wani gaye ya ce shi har da akuya kwance a bakin tasu tana tuƙa. Anfi ya kwashe da dariya, ni ma na yi, don a raina cewa nake kai mutanen nan sun iya shiri. Na zunguri mutumina.

"Ji ƴan wasan kwaikwayo. Wai akuya."

Ya ce, "Me ya yi? Ni ma na ga babur ɗin yayana jingine."

"Ka gani, ko dai ka tuna akwai shi?"

"Na gani mana."

"Da wane idon? Ba a rufe yake ba?"

"Ba da ido ba, a ciki. Kamar bidiyo, sai dai bai kai shi haske ba."

Na ce ya rantse. Ya rantse, yana kallona kamar na tambaye shi ko ruwa yana jiƙa kaya. Sai ya ce, "Tsaya. Kai me kake gani?"

"Baƙi."

"Baƙin me?"

"Baƙi kawai! Bayan fatar idona!"

Wallahi a lokacin sai da na ji anfin ya juya da ni. Na dubi kawunan da ke gabana, layi bayan layi, na ce yanzu duk waɗannan kowa da telbijin ɗinsa a cikin ƙoƙon kai, suna yawo da ita a gari, suna hawa kabu-kabu da ita, ba wanda ya taɓa gaya mini? Madam ta tambaya ko akwai wanda bai ga komai ba. Na ɗaga hannu. Na waiga hagu, na waiga dama, hannuna kaɗai ne a sama kamar sandar tuta.

Ta yi murmushi ta tako har baya. Ta tambaye ni launin ƙofarmu, na ce kore. Ta ce yaya aka yi na sani. Na ce na sani ne kawai, kamar yadda na san sunana, ba sai na gan shi a rubuce ba. Ta ce wala, shi ke nan. Ta ce ba ciwo ba ne, ba kuma rashin ƙwaƙwalwa ba, akwai mutanen da haka kansu yake aiki, suna riƙe abu ba tare da hoto ba, kuma da yawansu har su tsufa ba su san sun bambanta da kowa ba. Ta rubuta sunan abin a allo da Faransanci, afantazi. Sauran darasin ban ji ko kalma ba.

Yatsana kam bai tsaya ba. Na jefa wa gurup ɗin fadarmu, wato abokan da muke shan shayi tare a unguwa: "Jama'a serye, ba wasa ba, in kun rufe ido kuna ganin hoto?" Amsoshi suka fara zubowa. Wani ya ce da kala ma. Wani ya ce shi tun safe farantin shinkafa da kaza yake kallo. Wani ya turo vokal, saƙon murya, yana dariya har yana tari, wai ashe ni tun ranar suna aka ɗauke mini wuta ba a dawo da ita ba. Wani ya ce a yi mini karo-karo a saya mini ekaran, wato fuskar telbijin. Ni ma ina ta dariya.

Ina cikin haka sai wani abu ya faɗo mini, dariyar ta tsaya cak. Rumfar Baba.

Mu gidan dukawa ne a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Kakana baduku ne, Baba baduku, Yayana ma haka. A zauren gidanmu ake aikin, duk wanda zai shiga ko zai fita sai ya ratsa ta cikin warin fata. Kuma a gidanmu ba a zane a kan fata. Wasu dukawan suna da kwali da suke ɗorawa su bi gefensa, Baba yana cewa wannan aikin ƴan koyo ne da ba su da uba a sana'a. Mu yadda Kaka ya bari shi ne: ka shimfiɗa fata, ka yi bismilla, ka rufe ido har abin da za ka yi ya zo ya zauna a kanta, sannan ka buɗe ka yanka. In kana koyo, Baba zai riƙe wuƙar ya tambaye ka, "Ka gan ta?" Ka ce, "Na gan ta." Sai ya miƙa maka.

Ni duk zamana a rumfar nan na ɗauka rufe idon nan don hannu ya natsu ne, tambayar kuma irin ta gaisuwa ce. In an ce ina gajiya ai ba gajiya kake cewa, ko da ƙafarka na ciwo. To haka nake rufe ido, in ɗan jira yadda na ga Yaya yana jira, in ce na gan ta, in karɓi wuƙa in afka wa fatar mutane da ikon Allah. Yaya ya yanka, gefe da gefe su haɗu kamar an auna. Ni in yanka, gefe ɗaya ya nufi yamma ɗaya ya nufi garin Mirriya. Na yi ta mamakin yadda hannunsa ya fi nawa sa'a.

Ta ƙarshe wata jar fatar akuya ce mai laushi, wadda wani ya ba da aikin gafaka, jakar da ake sa littattafai. Lokacin ina kolej, ƙaramar sakandare. Da na gama ɓarnata Baba ya ɗaga fatar ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Ya ce, "Ka ce ka gan ta."

Na ce, "Na ce."

"To wannan ka gani?"

Ya ajiye fatar.

"Ɗayan biyu ne. Ko ƙarya kake mini ido da ido, ko ka raina sana'ar nan ba ka ga ta isa ka sa mata hankali ba. Tashi ka ba ni wuri. Hannunka na bik ne."

Daga ranar aikina da zaure ya zama in ratsa in gaishe shi. Ba gaba yake da ni ba, yana saya mini kaye, wato littafin rubutu, yana tambayar jarrabawa. Amma ko fata ta faɗi ƙasa na sunkuya zan ɗauka sai ya ce bar ta. Ranar da na samu bak, jarrabawar shiga jami'a, ina tsalle ina ihu tun daga bakin lungu, ya ce, "Madalla. Dama can ka nufa." Kalmar nan ta zauna mini a ƙirji kamar tuwon da bai dahu ba. A wurinsa ni ɗan da ya ga sana'ar ubansa ya toshe hanci ne. Ni kuma ban da abin da zan kare kaina da shi, don ban san me ya faru ba balle in faɗa.

To yanzu na sani. Ko darasi na biyu ban tsaya ba. Na tare kabu-kabu, ya sauke ni a bakin Birni inda yashi yake fara cin taya, na ƙarasa da ƙafa ina sauri kamar an biyo ni. Da na iso zaure Baba na duƙe kan wani takalmi, na gaishe shi na wuce. Ƙarfin halin bai zo ba tukuna. Na ce bari in fara da Inna.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar da danginta suka aiko daga Mirriya.

"Inna, rufe ido."

"Ni ka mayar abokiyar wasanka? Me ya dawo da kai yanzu, an kore ka?"

"Don Allah ki rufe, abu ɗaya zan tambaya."

Ta rufe, hannunta bai bar ɓarar ba.

"Ki kawo kasuwar Mirriya a ranki. Wurin masu tabarma."

"Na kawo."

"Kina ganinta?"

Ta buɗe ido ɗaya. "Ganin me, ido a rufe? Kai lafiyarka kuwa?"

Na daka tsalle sai da kaji suka watse. "Inna! Ke ma! Inna, su fa gani suke yi!"

"Su wa?"

"Kowa! Baba, Yaya, mutanen gari, kowa da kowa!"

Ta ce in daina mata ihu a ka. Daidai nan Yaya ya shigo ɗibar ruwan jiƙa fata. Ta kira shi ta ce ya rufe ido ya kawo kasuwar. Ya rufe yana dariya, ya fara lissafo mata: ga tsamiya, ga mai rake, ga motocin Damagaram sun yi layi, ga wata mata da jan mayafi. Inna ta ce wace mata. Ya ce oho, ita ta shigo da kanta.

Inna ta saki gyaɗar hannunta. Ta yi salati. Ta dubi Yaya sama da ƙasa kamar yau aka kawo mata shi.

"Ni na haife ka, kana ganin mutane a cikin kai ban sani ba?"

"Inna, ai kowa haka ne."

"Kowa ban da ni! Shekara da shekaru Malam, ubanku, yana kishingiɗa ya lumshe ido ina hana yara motsi wai yana hutawa, ashe kallo yake abinsa!"

Dariya ta kusa kayar da Yaya cikin randa. Ni kuma jin ba ni kaɗai ba ne ya sa ƙafata ta yi ƙarfi. Na juya na koma zaure, na cire takalmi, na zauna a kan buzun da rabona da shi tun ranar jar fata. Baba ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi buzun, ya ci gaba da ɗinki.

Na ce, "Baba, magana gare ni."

"Ina ji."

Na kwashe duka na gaya masa, tun daga ƙofa da akuya har abin da Madam ta ce. Bakina na sauri, ina haɗawa da Faransanci ina dawowa. Na ce, "Duk sanda na ce muku na gan ta, ban taɓa ganin komai ba. Ban san akwai abin gani ba. Na ɗauka haka ake cewa."

Ya ja zare ya ɗaure, ya yanke. Sannan ya ce, "Yau abin da aka koya muku ke nan?"

"Baba, wallahi."

"Bar rantsuwa. Rufe ido."

Na rufe.

"Gafakar da ke rataye bayanka. Faɗa mini."

Na ce ja ce, bakinta da kore, igiyarta saƙaƙƙiya, tana da tuntu a kowane gefe, na hagu ya ɗan fi tsawo.

Ya tafa hannu. "To ga shi! Wanda ba ya gani ne zai san na hagu ya fi tsawo?"

"Sani na yi, ba gani ba. Kullum ina wuce ta."

"Sani da gani. Kai dai lakwal, makarantar bokon nan, ta ba ka baki."

Ta yaya za ka nuna wa mutum duhun da ke cikin kanka? In da ciwo ne sai in buɗe ya gani. Na ɗauko waya zan nuna masa abin da aka rubuta a kai, ya ce in mayar da ita aljihu, shi ba ya shawara da gilashi. Har na fara neman takalmina.

Sai muryar Inna daga bayan labulen ƙofar cikin gida. Ashe tana tsaye.

"Malam, yaron nan gaskiya yake faɗa. Ni ma haka nake."

Baba ya ce, "Ke kuma da me?"

"Ka tuna duk sanda ka aike ni in zaɓo maka zare a gidan masu rini, sai na ce ka yanko mini guntun fatar in tafi da shi? Kai ta yi mini tsiya, wai jar fatar da na wuni ina kallo ita ce sai na riƙe a hannu. To in na fita zauren nan ta tafi, Malam. Na san ja ce, amma wane ja, sai na haɗa su ido da ido. Ka tuna gadon ɗakina? Ka ce ba zai shiga lungun nan ba, na ce sai an gwada, ka ce ke ba ki gani? Sai da aka kira mutane suka ɗaga, ya ƙi shiga, ka yi kwana biyu kana mini dariya. To ban gani ba. Yau na san kai ka gani."

Baba ya ajiye basilla, ƙatuwar allurar da yake ɗinki da ita. Ni tunda nake ban taɓa ganin ya ajiye ta a tsakiyar layi ba. Inna mace ce da ko farashin gishiri ba ta ƙara masa, ya san da haka. Ya dubi labule, ya dube ni. Fuskarsa ta koma irin tawa ta ɗazu a anfi.

Ya ce a hankali, "Ba komai? Ko inuwa?"

"Ko inuwa."

"Mafarki fa?"

"Mafarki ina yi, har da kala. In na farka shi ke nan, an kashe."

Can ya nuna kusurwar zauren da haɓa, inda Kaka yake zama kafin ya rasu. Ni na san Kaka sosai, shi ya fara ba ni guntayen fata ina wasa da su.

"Kakanka. In ka tuna shi?"

Na ce, "Na san dogo ne. Na san haƙorinsa na gaba ɗaya babu. Na san yana kirana angon kaji, don ina bin su da gudu. Ina kewarsa, Baba. Amma fuskarsa ba ta zuwa."

"Ni kullum da safe in na buɗe zauren nan sai na gan shi a wurin can. Da hularsa a karkace." Ya faɗi haka kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani. Sannan ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "To ni in na mutu fa?"

Kai jama'a. Ni da na zo da shirin kare kaina, na tanadi hujja kala-kala tun a kan kabu-kabu, wannan ban shirya mata ba. Tambayar ta shafi Inna ita ma a bayan labule, kuma na san ta gane. Aka kira azahar. Baba ya miƙe ya ɗauki buta ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama wani iri. Inna ta buɗe nata binciken. Duk matar da ta shigo, ko aron turmi ta zo, sai an sa ta rufe ido. In ta ce tana gani Inna ta riƙe haɓa ta ce ikon Allah, ke ma? Har mai kawo mana nono ba ta tsira ba. Ƴan fada kuwa suka sa mini suna Ba Rezo, wato wayar da ba ta da netwok, har yau bai fita ba. Ni ma na koma ina bin rayuwata baya ina tonowa. Ashe shi ya sa taswirar Nijar in aka ce mu zana da ka tawa take fitowa kamar ƙosai. Ashe shi ya sa in malamin lissafi ya ce mu juya siffa a kai nake juya kaye ɗin gaba ɗaya. Ashe kuma shi ya sa labarin aljanu da ake ba mu muna yara bai taɓa hana ni barci ba, Yaya na makyarkyata ni ina minshari. Wannan kam riba ce, na karɓa.

Baba dai aikinsa ya ci gaba da yi. In na ratsa zaure na gaishe shi ya amsa, amma ina jin idonsa a bayana har in fita. Sau ɗaya na waigo na gan shi ya rufe ido ya buɗe, ya sake rufewa, kamar yana gwada ko zai iya kashe tasa telbijin ɗin ya ji yadda abin yake. Na ce a raina shi ke nan, ya yarda ko bai yarda ba, buzun nan dai ba nawa ba ne.

Wata Asabar da hantsi ba ni da darasi, ina kwance ina fama da gurup, sai na ji ya kwaɗa mini kira. Na fito na tarar ya shimfiɗa wata jar fatar akuya, bayanta a sama. Yaya na gefe yana goge wani alabe.

Baba ya ce, "Zauna. Kawo bik ɗinka."

Na miƙa.

"Kawo wayar."

Na ɗan yi jim, don waya ta ba ta barin hannuna ko wanka zan shiga sai na san inda take. Na miƙa. Ya ɗora ta a kan fatar, ya riƙe bik ɗin kamar mai riƙe da basilla, ya bi gefenta a hankali ya zagaye. Ya ɗaga ta ya kifa a gaba, ya sake zagayewa. Ya ƙara wurin ɗinki, ya zana marfi. Layin shuɗin bik a kan fatar gidanmu, a zauren Kaka.

Yaya ya saki baki. "Baba, zane?"

"Kai yi abin da ke gabanka."

Ya ɗauko wuƙar, waccan dai mai ƙotar da ta yi baƙi don hannu. Ya riƙe ta yadda yake riƙewa, ya dube ni.

"Ka gan ta?"

Na dubi fatar, idona a buɗe tar. Ga kuben waya nan kwance, gaba da baya da marfi.

"Na gan ta."

Muryata sai da ta fashe kamar ta ɗan zakara. Ya miƙo mini.

Na yanka. Kusurwa ɗaya ta ɗan ci, don hannun ya daɗe bai riƙe komai ba sai bik da waya, amma gefe da gefe suka haɗu. Suka haɗu fa! Na yi ihu sai da mai wucewa ya leƙo. Inna ta ɗaga labule tana tambaya ko yatsa na yanke. Yaya ya ɗauka ya juya ya ce ba laifi, ga ɗan Ba Rezo. Baba ya nuna mini inda zan huda, ya ce ɗinki kam ba ruwansa da rufe ido, in na karkace wannan lalacina ne, kada in je in ce Madam ta ce.

Muka wuni a kai. Na soki yatsa, na warware layi na sake. Wajen la'asar wayata ta shiga gidanta, ta zauna ɗas. Ina ta juya ta ina shirin ɗaukar hoto in tura wa ƴan fada, sai na tuna da me zan ɗauka, wayar ai tana ciki. Na zaro ta.

Baba ya ce, "Tana ɗaukar mutum da kyau?"

Na ce ƙwarai.

Ku sani Baba ba ya hoto. Ban da na katin ɗan ƙasa, wanda ya fito kamar an kama shi da laifi, babu hotonsa ko ɗaya a gidanmu. Ranar bikin Yaya ma da aka zo ɗauka zamewa ya yi. Kullum cewa yake wanda ya san ka ba ya bukatar takarda.

Ya gyara zama a kan buzu. Ya kakkaɓe guntayen fata daga rigarsa, ya daidaita hula.

"To ɗauka. Ka ajiye da kyau. Ka tura wa uwarka ita ma."

Na ɗaga waya. Na farko ya fito idonsa a rufe, don daidai lokacin ya ƙifta. Na ce Baba a sake. Na biyu ya fito daidai: tabarau a hanci, basilla a hannu, gafakar nan mai dogon tuntu a bayansa. Inna ta fito har cikin zaure, abin da ba ta yi da rana, ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo.

Baba ya ce a ba shi ya gani. Ya nisanta ta da fuska, ya matso da ita, ya ɓata rai.

"Wannan tsohon fa? Ni ba haka nake ganin kaina ba."

Inna ta ce, "To mu dai haka muke ganinka, Malam. Ba shi wayarsa."